Alherin da Gordy Pavelka Ya Yi Mana

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Gordy Pavelka ya yanke ciyawar.

Bari in faɗa a tsare. Da sassafe muka fita ni da Mama zuwa asibiti wurin Baba. Rana ta ɗan karkata muka dawo. Tun daga kwanar titinmu na hango gidanmu tsirara, ana ganin tagar falo daga sama har ƙasa. Da farko na ɗauka titi muka ɓata.

Duk ya aske. Daga bakin titi har gindin baranda, bai bar ko kara ɗaya a tsaye ba. Tsawon inci uku ya rage, na sa ma'auni na gwada. Har da layi-layi ya yi mana, irin na ƙofar gidansa.

Yana tsaye a bakin garejinsa da ke daura da namu, ya tura hula ƙeya, yana goge hannu da tsumma, yana jiran mu gani. Ya tsallako titi.

"Marlys, kada ma ki ce komai," in ji shi ga Mama. "Ke dai ki ji da Arlen." Sannan ya juyo wurina. "Farfesa, wannan daji naki saura kaɗan ya cinye min wuƙar inji."

Mama ta riƙe hannunsa da hannu biyu tana hawaye. Ta ɗan taka min ƙafa.

Na ce, "Mun gode, Mista Pavelka."

Ni na faɗa. Da bakina.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Ba daji ba ne. Iri arba'in da ɗaya ne na ciyawa da furen da suka rufe ƙasar Iowa kafin a kawo garma. Ina aji biyu a jami'a na dawo hutu da wannan tunani, ina ta zuba a kan teburin cin abinci. Mama ta ce me maƙwabta za su ce. Baba ya ajiye cokali ya ce, "To, Maren, mu gwada mana." Shi da ya yi rayuwarsa yana gyaran motocin makaranta, bai san sunan fure ko ɗaya ba.

Mu biyu muka tsinto irin, a gefen layin dogo da bakin wata tsohuwar maƙabarta inda garma ba ta taɓa shiga ba. Shekarar farko ba ka ganin komai, saiwa kawai take yi. Ta biyu sai ka ce kango. Ta uku take fure. Bana ce ta uku. Doguwar nan mai ganye yana nuna kudu da arewa ta wuce kafaɗata, ta ɗaure kai za ta buɗe. Ranar da Baba ya faɗi a gareji, da safen nan ya tsaya kusa da ita ya gwada tsawo.

Kowa ya sani, in ciwo ya shigo gida, mata su kawo tiren abinci, maza su yanke maka ciyawa. Ni ma na taɓa kai tire. Ban taɓa kawowa a raina cewa tamu ma ciyawa ce kawai a idonsu ba.

Na tattara abin da inji ya tofar. Akwai tsutsar malam-buɗe-littafi a ciki, rabi da rabi.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan coci

Fasto ya sa shi a wa'azi. Bai kama suna ba, ya ce wani ɗan'uwa ya ga nauyi ya yi wa maƙwabcinsa yawa, bai jira a roƙe shi ba, ya tayar da injinsa. Kowa ya waiga ya kalli Gordy. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kunnuwansa sun yi ja don daɗi.

Ina zaune a bayansa. Har aka gama wa'azin nan kaf ina kallon ƙeyarsa. Ita ma a aske take, layi-layi.

Matarsa Lorna ta ba mu tiren taliya da kifin gwangwani, sunanta a manne a gindin tiren kada ya ɓata. Na ce mun gode.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

A asibiti sun sa wa Baba ƙwallon roba a hannun dama, ɓarin da ya shanye. Tana nan inda suka ajiye ta.

Da ya gan ni ya ɗaga hannun hagu daga kan katifa, a hankali, sama, sama, ya tsayar daidai kansa, yana kallona. Na gane abin da yake tambaya. Na ciro waya na nuna masa hoton da na ɗauka tun farkon wata. Ɓarin bakinsa ɗaya ya yi murmushi. Mama ta tashi ta je tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Talata, 16 ga Yuli, da rana

Injin Gordy ja ne. Da sabulu yake wanke shi.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Gishiri zai kashe wa Gordy ciyawarsa, amma ruwan sama zai wanko shi zuwa kwata, kwata kuma rafi take zuwa, ba ruwan kifaye. Sukari a tankin inji, na bincika, ashe ba ya narkewa a fetur, ƙarya ce ake ta yaɗawa. Taki mai yawa a wuri ɗaya yana ƙona ciyawa, ana iya rubuta kalma da shi, ta fito ɓaro-ɓaro bayan mako. Na daɗe ina zaɓen kalmar.

Ni ce fa. Ni da ban taɓa mayar da littafin laburare a makare ba. Ni da nake ba kujera haƙuri in na yi tuntuɓe da ita.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Na durƙusa na duba da kyau. Ba ta mutu ba. A kai na san haka, na rubuta a jarrabawa ma, amma sai yau na gani da idona. Yanka ba ya kashe irin wannan ciyawa. Saiwarta ta fi tsawon mutum a ƙarƙashin ƙasa, wuta ta saba ci, shanun jeji sun saba tattake ta. Ga sabon tsiro nan kore shar a tsakanin karan. Furen bana ya tafi, na baɗi yana nan.

Mama ta fito da kofi biyu muka zauna a matakala. Wani ƙaton ƙudan zuma ya zo yana shawagi daidai inda furen shunayya yake a da, ya kewaya, ya dawo, ya sake kewayawa, kamar wanda ya zo unguwa ya tarar an tashi. Mama ta ce, "Wayyo, bawan Allah." Kofin da ɗumi, iska da sanyi-sanyi, wani yana soya naman alade a can ƙarshen titi. Na ji kamar zan iya rayuwa.

Sai ga Gordy ya fito ɗaukar jarida da wandon barci, ya ɗago mana hannu. Hannuna ya ɗaga kansa.

Juma'a, 19 ga Yuli, ƙarfe uku na yamma

Na gwada. Ciyawar nan mai furen rawaya da kanta ke rikiɗewa ya koma farin gashi, wadda Gordy ke bi da wuƙa a durƙushe in ya ga ɗaya, ita na tsinko a bayan filin ƙwallo, na cika aljihun riga. Na yi kamar zan kai wasiƙa akwati. Daidai ƙofarsa na zaro hannu na buɗe.

Iska daga yamma take. Na san daga yamma take, na duba da safe, na manta. Duk ta dawo min a fuska.

Lorna ta leƙo daga baranda. "Maren, ke ce? Zo nan, me ya hau miki kai haka?" Ta tsaya tana tsince min gashi ɗaya bayan ɗaya. "Ji wuyanki. Kina cin abinci kuwa, 'yar nan? Taliyar ta yi gishiri ko?"

Na ce ta yi daidai. Na ce mun gode.

Ko da ta sauka ma ba za ta tsiro ba. Tun farkon bazara yake zuba maganin hana tsiro.

Lahadi, 21 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Wurin shan kofi bayan coci suka tare Mama. Gordy ne a gaba, sai Duane Hruska mai shagon kayan gini, da wasu maza biyu. Murmushi suke yi kamar masu ɓoye kyauta a baya.

Wai sun yi shawara. Arlen ba zai ƙara iya fama da ƙofar gida ba, Marlys kuma ba aikinta ba ne. Don haka ranar Asabar za su zo su yi feshi, a bar wurin ya ƙone ƙurmus har saiwa, sannan su shimfiɗa ciyawar nan da ake sayarwa a nannaɗe kamar darduma. Duane ya ba da ita kyauta. Kafin a sallamo Baba an gama, ya dawo ya tarar da ƙofar gida irin ta mutane.

"Irin ta mutane," haka Duane ya ce, sannan ya tuna ina wurin. "Ba da wata manufa ba, 'yata."

Gordy ya ce, "Za mu bar wa Farfesa ɗan lungu a baya ta riƙa bincikenta." Aka yi dariya.

Mama ta dafe ƙirji ta ce ba ta san bakin da za ta gode musu ba.

Yanka ba ya kashe ta. Feshi yana kashewa.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

A kicin muka yi ta. Na ce mata ta kira su ta ce a'a. Tana wanke tiren Lorna, ko juyowa ba ta yi ba.

"In ce musu me? Ku riƙe alherinku?"

"Ki ce na Baba ne."

"Naki ne, Maren. Ubanki ya bi ki ne don yana sonki." Ta ajiye tiren da ƙarfi. "Ke kin gama karatu. Gobe wani kamfani zai kira ki, ki haɗa jakarki. Ni ce zan zauna a titin nan. In ƙanƙara ta rufe hanya a Janairu, wa zai ture min? Furenki? In ya sake faɗuwa a banɗaki, ƙudan zuma zan kira ya ɗaga shi? Tun da kuka fara abin nan nake shiga coci ana min tambayar ko injinmu ne ya lalace. Ban taɓa faɗa muku ba."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, na bi shi ɗaya bayan ɗaya ban samu kuskure ba. Shi ya sa na fi jin haushi.

Talata, 23 ga Yuli, da hantsi

Na shirya maganata tsaf a gaban madubi, na tsallaka. Na sami Gordy a lambun bayan gidansa yana ɗaure tumatir.

"A'a, Farfesa da kanta. Ya jikin tsohon?"

Na ce da sauƙi. Na ce game da ranar Asabar, ba sai sun wahalar da kansu ba.

"Wahalar me? Kin san lokacin da aka yi wa Lorna aiki, wa ya riƙa kai ta asibiti ina wurin aiki? Ubanki. Ko man mota bai yarda na zuba masa ba. Bari in samu in rama, 'yar nan."

Na ce ai ciyawar ba ta mutu ba, tana tsirowa.

"Ai shi ne matsalarta! Taurin kai gare ta. Kada ki damu, maganin da na samo ba ya wasa."

Ya cika min leda da tumatir. Na karɓa. Na san abin da na ce.

Tumatirin ya yi daɗi, wannan ma wani abin takaici ne. Na yanka ɗaya na barbaɗa gishiri na cinye a tsaye, ruwan yana bin hannuna, ina tsine masa.

Laraba, 24 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Wani kamfanin iri ya yi min tambayoyin ɗaukar aiki ta waya. Matar ta ce in ba ta misalin lokacin da ra'ayina ya saɓa da na jama'a, da yadda na yi. Na yi shiru har ta ce ko layin ya yanke. Daga baya na ce mata ni mai saurin fahimtar juna ce da mutane. Ta ce madalla, irin waɗanda suke nema ke nan.

Tun ina ƙarama haka nake. In malama ta ce a ja layi, nawa ya fi na kowa miƙewa. Tunani ɗaya tak na taɓa yi wanda ba wani ne ya ba ni ba. Ga shi can a waje, inci uku da ɗan ƙari.

Alhamis, 25 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Likita ta ce nan da mako biyu za a iya sallamar Baba. A keke. Ta tambaya ko akwai matakala a ƙofarmu. Akwai. Ta ce sai an yi gangaren katako kafin ya dawo, in ba haka ba ba za su sake shi ba. Mama ta ce ba damuwa, maƙwabcinmu yana da kayan aiki, shi ya yi wa coci nasu. Da ta faɗa ni ta kalla.

Da Mama ta fita neman ruwa na matsa kusa da Baba na faɗa masa komai. Yankan, hoton da na nuna masa, feshin Asabar. Ya ƙura min ido. Sai ya ɗaga hannun hagu ya doki ƙarfen gado, ya sake duka, ya ce, "A'a. A'a."

Mama ta shigo da gudu. A mota na ce mata ta ji da kunnenta.

Ta ce, "Jiya an tambaye shi ko sunansa Arlen, a'a ya ce. An miƙa masa kofi yana miƙo hannu yana cewa a'a. Ita kaɗai ta rage masa, Maren. Kada ki ɗora masa maganarki a baki."

Wannan ma gaskiya ne. Na tambayi mai koya masa magana.

Juma'a, 26 ga Yuli, da yamma

Tankin feshin yana bayan motar Gordy. Mama ta toya musu biredi mai kirfa.

Asabar, 27 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ƙarfe tara suka ce. Ashe Gordy ya ga za a yi iska, ya tattaro su tun bakwai. Ina wanka na ji muryar Duane. Na leƙa ta taga na ga Gordy da tanki a baya, yana tafe a hankali a bakin titi, yana kaɗa sandar feshi dama da hagu kamar mai ba fure ruwa.

Ban san yadda na sauko ba. Na dai ga kaina a tsakiyar filin, gashi na ɗiga, ba takalmi, rigar Baba a jikina. Na tsaya a gabansa.

"Kauce, Farfesa, kada ya taɓa ki."

Na ce, "A'a."

Ya saki maƙunnin. "Me?"

"Ba za ku fesa ba. Ba ma so. Ku kwashe kayanku."

Duane ya yi 'yar dariya. "Haba 'yata, mamanki ta—"

"Ba da kai nake ba, Mista Hruska." Muryata ta fita. Ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Na ga labulen gidan su Lorna ya motsa, na ga mai tafiya da kare ya tsaya.

Gordy ya ce, "Don Arlen muke yi."

"Ka tambaye shi?"

"Kin san ba ya iya—"

"Na sani. Kai ma ka sani, shi ya sa ka zo yanzu. Yana kan ƙafarsa ka taɓa shigowa da injinka? Tun shekarar farko abin nan yake tsone maka ido, kana leƙe ta taga kana jira. Sai da ya kwanta, bakinsa ya mutu, sannan ka tuna kai maƙwabcin kirki ne. A gwiwa ya tsinci irin nan, Mista Pavelka, a gwiwa, da ciwon bayansa. Kai kuma me ka shuka a rayuwarka? Kafet. Ko tsutsa ba ta kwana a ƙofarka. Ka aske naka har ya gaji, ka zo ka aske na mara lafiya, fasto ya yabe ka."

Jan kunnensa ya sauko har wuya. Sai ya sassauta igiya ya sauke tankin a kan titi, a hankali, kamar wanda ya sauke yaro mai barci.

Ya ce, "Je ki wanke ƙafarki, Maren. Da sabulu. Kin taka."

Suka shiga motocinsu. Biredin Mama yana kan baranda da tawul a rufe, ba wanda ya taɓa.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na ji daɗi. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ina ta maimaita fuskarsa a raina kamar mai tsotsar alewa.

Mama ba ta fito daga ɗaki ba.

Lahadi, 28 ga Yuli, da rana

Ba mu je coci ba. Lorna ta zo karɓar tirenta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta ce wa Mama, "Gordy bai ci abinci ba jiya." Ni ko kallona ba ta yi ba.

Ya ci kansa.

Laraba, 31 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Inda ya fesa ya fara nunawa. Faɗin taku biyu, tsawon bakin titi gaba ɗaya, ya yi rawaya yana lanƙwashewa. Ɓangaren da ya fi samun rana ke nan, don haka iri tara a nan kaɗai suke. Tumfafiyar jeji tana ciki. Doguwar nan ta Baba tana ciki. Ita ba ta fure sai ta shekara da shekaru, ta yi mana gaggawa ne bana.

Da na fito daga wanka da wuri. Da na faɗa ranar Talata a wurin tumatir. Da na faɗa tun ranar farko, maimakon abin da na faɗa.

Sauran kuwa ko a jikinta. Ta kai idon sawu.

Juma'a, 2 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Ba a ƙara kawo tire ba. Ana ɗaga mana hannu daga mota, amma ba a sauke gilashi.

Na yi lissafin gangaren. Kowane inci na tsayin matakala yana son ƙafa ɗaya ta tsawon katako, na zana, na san inda kowane ginshiƙi zai zauna. Lissafi ba ya buga ƙusa. Na gwada zarton Baba a kan wani guntun katako, ya tafi a karkace, na yanke babban yatsa. Na kira masu yi a birni, sun ce sai tsakiyar Satumba.

Mama ta ɗaure min yatsan. Rabon da ta taɓa ni tun ranar Asabar.

"Ki je ki ba Gordy haƙuri."

"Shi zai fara."

"To ubanki ya zauna a asibiti har ku gama."

Litinin, 5 ga Agusta, da safe

Na kai tsakiyar titi na dawo.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Sun ce Juma'a, in an yi gangaren. Baba ya gaji da wurin. Yau ya ture tiren abinci, ya juya fuska bango. Na zauna ina kallon bayansa, rigar asibiti ta buɗe, ƙashin kafaɗarsa a waje.

Gobe zan je. Zan ce na yi kuskuren yadda na faɗa. Ba zan ce abin da na faɗa kuskure ne ba. In ya ce sai da feshi, ban san abin da zan yi ba.

Laraba, 7 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Ban kai ga zuwa ba. Ina ɗaure takalmi na ji mota ta ja birki a ƙofarmu. Gordy ne da Duane, bayan motar cike da katako. Na leƙa da kyau. Ba tanki.

Na fita. Yana tsaye a kan simintin gefen titi, bakin takalminsa daidai inda ƙasarmu ta fara, bai wuce ba.

"Ba neman gafara na zo ba," in ji shi. "Ke ma na ga ba ki da niyya. Lorna ta ce Juma'a ne."

Na ce Juma'a ne.

"Abin da kika faɗa ranar nan, rabinsa ƙarya ne."

"Wane rabin?"

Ya kalli layin da ya ƙone a gabansa. Duane ya duƙufa yana kwance igiya kamar ba ya ji.

Na ce, "Feshin fa?"

"Duane ya kai ciyawarsa filin wasan yara." Ya ja hanci. "Ƙofar gidanku ce. In kun ga dama ku shuka ƙaya. Muni dai tana da shi, wannan ba zan fasa faɗa ba." Ya saɓa katako biyu a kafaɗa. "To, Farfesa, ta ina za mu bi? Ni duk ciyawa nake gani."

Daga motar zuwa baranda, in aka miƙe, taku kaɗan ne. Akwai kuma wata hanya, a bi ta gefen gareji, a zagaya bayan tankin ruwan sama, a ratsa tsakanin tsiro a jere ɗaya. Ta ninka ta farko sau uku. Rana ta riga ta yi zafi. Tsakani da Allah gajeriyar ma ba za ta yi wata ɓarna ba, irin wannan ciyawa ta saba da kofato.

Na nuna musu doguwar.

Na shige gaba suna bi na a baya, Duane yana haki yana cewa shi dai bai yanke wa kowa komai ba. Mama ta fito baranda da butar kofi, ta tsaya tana kallonmu, ta rufe baki da hannu. Ban sani ba ko dariya take ɓoyewa.

Mun kusa baranda Gordy ya ɗaga ƙafa zai taka wani ɗan tsiro mai ganye uku.

Na ce, "Ba nan ba."

Ya tsaya cak. Dattijo mai jikoki, katako a kafaɗa, gumi na bin ƙeyarsa, ƙafa ɗaya a sama, yana jiran in gaya masa inda zai sauke ta.

Na ɗan ɗauki lokaci ina dubawa.